Abin dubawa kafin sayen babur na hannu

Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, sabon babur ya fi ƙarfin aljihun mutane da dama a Najeriya, abin da ya sa ake ƙara komawa ga na hannu.

To sai dai arhar kan zama tsada idan mai saye ya tsaya ga ƙyallin fenti, bai saurari inji ba.

Makanikai kan ba da shawarar a je ganin babur da sassafe, kafin a tayar da shi. Inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa, don haka idan aka tarar an riga an ɗumama shi, akwai dalilin yin tambaya.

Idan aka taka kik aka ji ya tafi salalam babu tauri, alama ce ringi ko bawul sun ci.

Daga nan sai a duba salansa. A nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa, domin injinan iri biyu ne. Babur irin Suzuki AX100 yana ƙona man inji tare da fetur, saboda haka ɗan hayaƙi a wurinsa ba laifi ba ne. Amma Bajaj Boxer ko Honda CG125 ba haka aka ƙera su ba: shuɗin hayaƙi daga irinsu na nufin man inji na shiga inda bai kamata ba, kuma gyaran sai an buɗe inji. Baƙin hayaƙi kuwa yawan fetur ne, galibi daga kabureta, kuma wannan ya fi sauƙi.

Fulogi ma shaida ne. Bakinsa ruwan ƙasa lafiya ce, baƙi mai maiƙo kuwa ya tabbatar da zargin.

Kamfanin Honda dai ya fito da CG125 ne a tsakiyar shekarun 1970, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ba a cika yi wa babura juye a kan lokaci ba. Juriyar irin wannan inji ce ke sa wasu su yi shekaru suna wahalar da shi, sannan su sayar.

Taya na ɗauke da shekarunta a jiki: lamba 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Babur ɗin da ke karkata gefe guda a kan miƙaƙƙen titi kuwa, mai yiwuwa ya taɓa yin haɗari.

Bayan an saya, aikin farko shi ne juye, sai wanke kabureta da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke saurin toshewa. A daidaita bawul inji na sanye, a bar wa sarƙa sassaucin kimanin santimita 2 zuwa 3, a kuma sauya ta tare da haƙoranta idan sun yi tsini. Birki ba a jinkirta shi.

Duk wannan kuwa sai lambar inji da ta jikin babur sun yi daidai da abin da ke cikin takardu. Wanda aka kama da babur na sata, ko da kuɗinsa ya saya, zai iya rasa babur ɗin ya kuma sha tambayoyi a hannun 'yan sanda.