Ɓarawon da Bai Taɓa Kwaɗo Ba

Mai karatu, ga kacici-kacici, ka taya ni warwarewa. Ta yaya za a yashe mutum tas, alhali wayarsa tana gabansa, kwamfutarsa tana ɗakinsa, kuma bai gaya wa kowa kalmarsa ta sirri ba?

Ranar Juma'a 3 ga Agusta, 2012, wajen ƙarfe 5 na yamma, Mat Honan, marubuci a mujallar Wired ta Amurka, yana wasa da 'yarsa a gida sai wayarsa iPhone ta mutu. Da ta dawo, sai ta dawo fayau kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ya buɗe kwamfutarsa don ya maido da kayansa. Allon ya yi toka-toka, ya nemi ya shigar da wasu lambobi huɗu da shi bai taɓa sakawa ba. Ya jawo iPad ɗinsa. Ita ma an share ta.

To, me ka ce? Na san abin da ya fara zuwa maka: na'ura ce ta yi gardama. Shi ma haka ya zata da farko. Amma gardamar na'ura ba ta kama abu uku cikin mintuna biyar, kuma ba ta goge akwatin Gmail mai ɗauke da saƙonnin shekara takwas. Ballantana ta hau shafin mutum na Twitter tana zuba zagi da sunansa. Akwai hannu a ciki. Hannun wa?

Sai mu ce ya latsa wani mugun saƙo, irin wanda ake turowa da alkawarin kyauta. Bai latsa ba. To, an canki kalmar sirrinsa ke nan? Nan Honan kansa ya fi karkata. Kalmar tasa ta haruffa da lambobi ce guda bakwai, sai ya ɗauka an sa kwamfuta ta yi ta gwaji har ta dace. Zato ne mai ma'ana, kuma da ni ne a wurinsa da shi zan riƙe. Sai dai ba haka aka yi ba. Ɓarawon bai san kalmar ba, bai ma neme ta ba.

Bari mu bi ta wata hanyar, ko dalilin satar zai nuna mana mai ita. Kuɗi? Ba su aka zo nema ba. Gaba da ɗan jarida? Waɗanda suka yi aikin ba su da wata jiƙaƙƙiya da shi. Saura me?

Honan ya kira kamfanin Apple neman agaji. Sai can daga baya ya gano wani abu. An riga shi kira. Ƙarfe 4:33 na wannan yammacin, wani ya bugo. Ya ce shi ne Mat Honan. An yi masa tambayoyin tsaro. Ya kasa amsawa. Duk da haka aka ba shi kalmar sirri ta wucin gadi.

Me ya faɗa da ya gamsar da su?

Abu biyu kawai: adireshin gidan Honan, da lambobi huɗu na ƙarshe na katin bankinsa.

A nan nake so mu zauna sosai, domin bayanin ya fito ne daga bakin ɗaya daga cikin ɓarayin, wani matashi mai kiran kansa Phobia, wanda ya ce shekarunsa 19. Ya yarda ya fayyace komai bayan Honan ya yi alkawarin ba zai kai shi ƙara ba. Daga shafin Twitter suka bi zuwa shafin Honan na intanet, inda suka tsinci adireshinsa na Gmail. Suka je wajen da ake neman kalmar sirri idan an manta, Google ya nuna musu wani ɓangare na imel ɗinsa na biyu, suka gane na Apple ne. Adireshin gida kuwa yana nan a fili cikin rajistar shafinsa. Lambobi huɗun nan ne suka rage.

Sai aka kira kamfanin Amazon, inda Honan yake da asusu. Aka ba da suna da imel da adireshi, aka ce ana son ƙara sabon kati a asusun. Aka karanto lambar bogi, aka rubuta. Aka kashe waya. Aka sake kira, aka ce an rasa hanyar shiga asusu, kuma ga shaida: lambar katin nan da su da kansu suka dasa ɗazu. Aka buɗe musu. A ciki Amazon yana nuna lambobi huɗu na ƙarshe na kowane kati, don a wurinsa ba sirri ba ne. A wurin Apple kuwa, a lokacin, su ne shaidar cewa kai ne kai. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, kuma wannan tsagar tana tsakanin kamfanoni biyu ne, kowanne yana ganin nasa bangon lafiya lau. Daga Apple suka faɗa Gmail, daga Gmail suka faɗa Twitter.

Duk wannan ɓarnar a kan me? A kan suna. Sunansa na Twitter, @mat, haruffa uku ne, ya ba su sha'awa. Na'urorin kuma aka share su don kada ya samu damar ƙwato shafin. A ciki har da hotunan 'yarsa tun daga haihuwarta, waɗanda bai ajiye a wani wuri ba. Wannan ne ya fi ci mini rai a labarin. Daga baya ƙwararru sun ceto masa mafi yawansu a kan dala 1,690, kamfanonin biyu kuma suka sauya tsarinsu. Honan ya ce da ya kunna tantancewa mai mataki biyu a Gmail, da sarƙar ta tsinke.

Ni abin da na gani shi ne babu ƙwaya ɗaya cikin bayanan nan da mutum zai kira sirri. Haɗa su aka yi suka zama mabuɗi. Mu ma muna da irin wannan tsagar. A Najeriya, wanda ya tsinci wayarka ya cire layin ya sa a tasa zai iya danna *565*0# ya ga lambarka ta BVN, ko *346# ya ga NIN, kuma duk lambar tantancewa da banki zai turo, gare shi za ta je. Ga kwafin takardar NIN da muke bari a shagon hoto, ga ranar haihuwa da muka baje a Facebook.

Don Allah, kafin ka kwanta yau ka sa wa layinka lambar PIN, ka kunna mataki na biyu a WhatsApp da imel ɗinka. Wanda kuma ya kira ka yana karanto maka sunanka da ranar haihuwarka don ka yarda daga banki yake, ka kashe wayar ka tafi bankin da ƙafarka.