Kwaja-sira na Pakistan: doka ta ba su kati, zaman duniya bai ba su wuri ba

A cikin watan Mayu na shekarar 2016, a birnin Peshawar, can arewa maso yammacin ƙasar Pakistan, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a kan wata mai suna Alisha, ƴar shekara 23. Abokan zamanta suka ɗauke ta jina-jina suka kai ta babban asibitin birnin. Nan fa magana ta tsaya. Ma'aikata suka rasa inda za su kwantar da ita, ɗakin maza ko ɗakin mata. Waɗanda suka rako ta sun ba da labari cewa an daɗe ana kai-da-kawowa, ƴan kallo kuma suna yi musu ba'a a farfajiyar asibiti. Bayan ƴan kwanaki rai ya yi halinsa.

Alisha tana cikin jama'ar da mutanen Pakistan ke kira kwaja-sira, kuma tana cikin masu neman musu haƙƙi a jaharsu. Sa'ad da aka harbe ta, shekara 7 ke nan da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta fara yanke hukunci cewa su ma ƴan ƙasa ne kamar kowa. Labarinta ya nuna irin tazarar da ke tsakanin abin da alƙali ya rubuta da abin da mutum ke tararwa a ƙofar asibiti, da makaranta, da wurin neman aiki.

Su wane ne kwaja-sira?

Sunan ya haɗa mutane iri-iri. Akwai waɗanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana sosai ba, watau mata-maza, waɗanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa. Akwai kuma, su ne ma suka fi yawa, waɗanda aka haifa da jikin maza amma tun suna ƙanana suke jin kansu mata ne, suna sa tufafin mata, suna zaman mata. Irin waɗannan ne a yau ake kira masu sauya jinsi.

Da yawa daga cikinsu tun suna yara ake korarsu daga gida, ko kuwa su gudu da kansu saboda duka da gori. Sai su faɗa hannun wata babba cikinsu da ake kira guru, watau uwar ɗaki. Ita ke ba su wurin kwana da abinci, ta koya musu rawa da waƙa, su kuma su riƙa kawo mata wani kashi na abin da suka samu. Sana'arsu ta gado ita ce zuwa gidan suna da gidan biki, su yi rawa, su sa albarka, a ba su kuɗi. Wanda bai sami wannan ba sai bara a mararrabar hanyoyi, ko karuwanci. Abin mamaki shi ne, mutumin da ke neman addu'arsu ran suna, shi ne kuma ba ya yarda su zauna kusa da shi cikin mota.

Daga fada zuwa rijistar ƴan sanda

Ba haka suke ba tun asali. A zamanin sarakunan Mugal, waɗanda suka mallaki yawancin ƙasar Indiya kafin zuwan Turawa, kwaja-sira suna ne na girma. Su ke tsaron cikin gidan sarki kamar yadda babanni ke yi a fadojin da, wasunsu har sun riƙe dukiya da manyan muƙamai.

Turawan Ingila ne suka juya al'amarin. A shekarar 1871 suka kafa wata doka ta ƙabilun da suka ce masu laifi ne, suka sa wani sashe musamman domin waɗannan mutane. Aka umurci ƴan sanda su rubuta sunayensu da dukiyarsu cikin rijista. Wanda aka rubuta, in aka gan shi a bainar jama'a da tufafin mata ko yana rawa, ana iya kai shi gidan kaso har shekara 2. An kuma hana shi yin wasiyya, da yin kyauta, da riƙon yaro. An fi aiki da wannan sashe a lardunan arewacin Indiya, kuma an soke shi a 1911. Amma zargin da ya dasa a zukata bai mutu ba. Da Pakistan ta sami ƴancin kanta a 1947, ta gaji wannan kallo, ta kuma gaji takardun hukuma da ba su san kowa ba sai namiji da mace.

Kotu ta buɗe ƙofa

A farkon shekarar 2009 ƴan sanda suka kai samame a wani gidan biki a garin Taksila, kusa da Rawalpindi, suka kama kwaja-sira masu rawa. Wani lauya masanin shari'ar Musulunci, Muhammad Aslam Khaki, ya kai ƙara Kotun Ƙoli a madadinsu. Babban alƙali na lokacin, Iftikhar Muhammad Chaudhry, ya saurari ƙarar, kuma daga 2009 zuwa 2012 kotun ta yi ta ba da umurni bi da bi: a ba su katin ɗan ƙasa da ke nuna jinsinsu, a rubuta su cikin masu jefa ƙuri'a, kada a hana su gadon iyayensu, a buɗe musu makarantu da aikin gwamnati.

Maganar kati ba ƙarama ba ce. A Pakistan wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ba ya buɗe ajiya a banki, ba ya sayen layin waya da sunansa, ba ya zaɓe, ba a kuma rubuta masa gona ko gida. Hukumar da ke ba da katin, mai suna NADRA, takan nemi shaidar iyaye. To, wanda ubansa ya yafe shi tun yana ɗan shekara 12, ina zai samo wannan shaida? Sai a 2017 aka yarda wanda ba a san iyayensa ba ya sa sunan uwar ɗakinsa. A wannan shekara ce kuma, cikin watan Yuni, aka ba Farzana Jan ta Peshawar fasfo na farko mai alamar X a gurbin jinsi.

Malamai ma sun sa baki. A watan Yuni na 2016, wata guda bayan rasuwar Alisha, malamai 50 a birnin Lahor suka fitar da fatawa. Suka ce haramun ne a wulakanta waɗannan mutane ko a yi musu ba'a, haramun ne a cinye musu gado, kuma in sun rasu a yi musu salla kamar kowane Musulmi.

Dokar 2018

Ran 8 ga watan Mayu na 2018 majalisar dokoki ta ƙasa ta amince da dokar kare haƙƙin masu sauya jinsi. Ga manyan abubuwan da ta ƙunsa. Wanda ya kai shekara 18 yana da ikon a rubuta shi a katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardar tuƙin mota bisa jinsin da shi kansa yake jin shi ne, ba sai likita ya duba shi ba. An hana nuna musu bambanci a makaranta, da wurin aiki, da asibiti, da motocin haya, da wajen hayar gida. An wajabta wa gwamnati ta buɗe musu gidajen mafaka, ta kuma keɓe musu ɗakuna a gidan kaso. Wanda ya tilasta musu yin bara kuwa, hukuncinsa ɗaurin da zai kai wata 6, ko tarar rupi 50,000, ko duka biyu.

Game da gado, dokar ta ce wanda aka rubuta namiji ya ɗauki rabon namiji, wadda aka rubuta mace ta ɗauki rabon mace, wanda kuma ya tsaya tsakani a ba shi tsaka-tsakin rabon biyu. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, da mas'alar hunsa ya rufe, kuma hukuncin wanda al'amarinsa ya rikice shi ne rabin rabon namiji da rabin rabon mace.

Dab da kafa dokar da kuma bayanta an ga wasu canje-canje. A watan Maris na 2018 Marvia Malik ta fara karanta labaru a wani gidan talabijin na Lahor. A ƙarshen 2019 gwamnatin Imran Khan ta sa su cikin tsarin katin magani kyauta. A 2020 ƴan sandan Rawalpindi suka buɗe ofishi na musamman domin karɓar kokensu, aka kuma buɗe musu makarantar Alƙur'ani a Islamabad. A watan Yuli na 2021 aka buɗe musu makarantar gwamnati ta farko a birnin Multan, inda manya da suka bar karatu tun suna yara suka koma aji. A 2022 jahar Sind ta ware musu rabin gurbi cikin kowane ɗari na aikin gwamnati, watau gurbi 1 cikin 200.

Kotun shari'a ta ja linzami

Ba kowa ya yi na'am da dokar ba. Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jama'at-i-Islami ya shugabanci masu neman a gyara ta. Hujjarsu ita ce, in aka bar wa mutum ya zaɓi jinsinsa da bakinsa, to, mace na iya cewa ita namiji ce don ta ninka rabonta na gado, namiji kuma ya kutsa wuraren mata, ko a buɗe hanyar auren jinsi ɗaya. Suka nemi a kafa kwamitin likitoci da zai duba jikin mutum kafin a ba shi kati. A watan Satumba na 2022 majalisar da ke ba gwamnati shawara kan al'amuran Musulunci ta ce wasu sassan dokar sun saɓa wa shari'a.

Masu goyon bayan dokar suka amsa cewa babu maganar aure ko kaɗan a cikinta, kuma ƙa'idodin aiki da ita na 2020 alamar X kaɗai suka yarda a ba mai nema, ba alamar namiji ko ta mace ba. Suka ce tuɓe mutum gaban kwamiti don ya sami katin ƙasarsu wulakanci ne da ba a yi wa kowane ɗan ƙasa.

Ran 19 ga watan Mayu na 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1980 don auna dokokin ƙasa da ma'aunin Musulunci, ta yanke hukunci. Ta ce jinsin mutum yana bin halittar jikinsa ne, ba abin da yake ji a ransa ba. Ta soke sashen da ya ba mutum ikon bayyana jinsinsa da kansa, da sashen gado. Amma ta tabbatar cewa shari'a ta san da mata-maza, kuma suna da dukan haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli. Hukumar NADRA ta dakatar da ba da kati mai alamar X a watan Yuni na wannan shekara, ta koma bayarwa a watan Satumba.

Inda doka ba ta kai ba

Ƙidayar jama'a ta 2017, wadda ita ce ta farko da ta lissafa su, ta sami kwaja-sira 10,418 cikin mutane fiye da miliyan 207. Ta 2023 ta sami kimanin 20,000 cikin miliyan 241. Ƙungiyoyinsu sun ce adadin gaskiya ya ninka haka sau da yawa, domin iyaye na ɓoye ƴaƴansu don gudun abin kunya, wasu kuma su da kansu ke tsoron faɗa wa mai ƙidaya. Wanda ba a ƙidaya ba kuwa, ba a yi masa kasafi.

Har wa yau, da yawa ba su karɓi katin X ba ko da ana bayarwa. Wanda aka rubuta namiji yana tsoron rasa rabonsa na gado in ya canja. Wani kuma yana ganin katin zai tona shi a duk inda ya miƙa shi, gaban ɗan sanda, ko mai gidan haya, ko mai ɗaukar ma'aikata. Wasu sun tsaya takara a zaɓen 2013 da na 2018, amma ba wanda ya sami kujera a majalisa.

Kisa ma bai tsaya ba, musamman a jahar Khyber Pakhtunkhwa, inda Peshawar take. Ita kanta Marvia Malik, duk da sunan da ta yi, ƴan bindiga sun harbe ta a Lahor cikin watan Fabrairu na 2023, Allah ya sa ba su same ta ba. Sau da yawa dangin wanda aka kashe ba su bin kadin jininsa, wani lokaci ma ba su zuwa karɓar gawa, sai abokan zamansa su yi masa sutura.

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Cikin shekara 14, daga 2009 zuwa 2023, alƙalai da ƴan majalisa da malaman Pakistan sun yi ta jayayya kan wanda ke da ikon faɗin jinsin mutum, shi kansa ko likita. Amma akwai abin da Kotun Ƙoli, da malaman Lahor, da majalisa, da Kotun Shari'a duka suka haɗu a kansa: kwaja-sira ɗan ƙasa ne, ba a hana shi magani, ba a cinye masa gado, ba a wulakanta shi. Cika wannan alkawari ba ya hannun alƙali shi kaɗai. Yana hannun magatakardan da ke bayan teburi, da malamin makarantar da ke ganin ana tsokanar yaro, da ɗan sandan da aka kawo wa ƙara, da ma'aikacin asibitin da aka kawo wa mai rauni cikin dare, wanda ya kamata ya fara tsayar da jini kafin ya tambayi ɗakin da za a kai shi.