BABI NA UKU: TANADIN IRI DA DASHEN DANKALI A GARKAR GIDA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayanin yadda ake tanadar irin dankali da yadda ake dasa shi a garkar gida a yankunan Gusau da Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Abin da ake nufi da garka a nan shi ne ɗan filin da ake kewayewa da danni a bayan gida don shuka kayan miya. Muhimmancin garka ya ƙaru a 'yan shekarun nan, ganin yadda rashin tsaro ya raba manoma da dama da gonakinsu na nesa. Magidancin da garka ta zame masa gona ba ya da halin yin asarar iri, domin kuskuren lokaci ko na zaɓen iri kan sa a yi wahalar wata uku a tashi a tutar babu.

3.1 Ire-iren Dankali

Dankali iri biyu ne: dankalin Hausa, wanda Sakkwatawa da Zamfarawa ke kira kudaku, da kuma dankalin Turawa. Duk da tarayyar da suka yi a suna, ba dangi ɗaya ba ne. Kudaku ɗan'uwan duman kada ne, kuma saiwarsa ce ke kumbura ta zama abin ci. Shi kuwa dankalin Turawa danginsa su ne tumatir da tattasai da yalo, kuma abin da ake ci ɗin reshe ne da ya kumbura a cikin ƙasa, shi ya sa yake da idanu masu tsira.

Asalin duka biyun nahiyar Amurka ne. Dankalin Turawa ya fito daga tsaunukan Andis na ƙasashen Peru da Bolibiya, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A Nijeriya ya samu gindin zama a tsaunin Jos, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda tsawon ƙasa ya kai kimanin mita 1,200 bisa teku. Gusau kuwa ba ta kai mita 500 ba, don haka ta fi zafi nesa ba kusa ba. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya game da lokacin shuka.

3.2 Lokacin Shuka

Dankalin Turawa ba ya zuba 'ya'ya sai dare ya yi sanyi. Ya fi son zafin ƙasa ya tsaya tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos, idan kuwa ya doshi 30 sai ganye ya yi ta haɓaka ƙasa babu komai. A wannan yanki ba a samun irin wannan sanyi sai da hunturu. Saboda haka a watan Nuwamba ya kamata a shuka shi, ta hanyar ban ruwa, domin zubin 'ya'yansa ya dace da sanyin Disamba da Janairu, a tone shi a Fabrairu. Wanda ya jinkirta har Janairu, zafin Maris zai riski shukarsa tun ba ta ƙosa ba.

Kudaku kuwa mai son zafi ne. Ana dasa shi da damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna, a haƙe shi bayan wata huɗu ko biyar. Masu filaye a fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bungudu, suna iya dasa shi da rani. Ke nan mai garka ɗaya zai iya morar ta sau biyu a shekara: kudaku da damina, dankalin Turawa da hunturu.

3.3 Tanadin Irin Dankalin Turawa

Dankalin da aka tone kwanan nan ba ya tsira nan take, sai ya yi kwanci na wata biyu zuwa uku. Don haka wanda zai shuka a Nuwamba sai ya nemi iri tun watan Satumba. Ana zaɓar mai girman ƙwan kaza, marar rauni, marar taushi. Idan aka yanka guda aka ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, to alamar cutar da ke sa shuka yaushi ce, wadda kan daɗe a cikin ƙasa, sai a guji wannan tsibi gaba ɗaya.

Ana baza irin a ɗaki mai iska da haske, inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Haske na sa tsiron ya fito gajere kakkaura, duhu kuwa na sa ya yi tsawo fari fat, ya karye da an taɓa shi. Idan tsiro ya kai santimita 1 zuwa 2, iri ya isa shuka. A ƙasa mai ɗumi an fi son a shuka shi ɗungurungum, domin yankakken iri saurin ruɓewa gare shi. In tilas ta sa a yanka, a bar ido biyu a kowane ɓari, a barbaɗa toka, a bari ya sha iska kwana biyu ko uku.

3.4 Tanadin Yaɗon Kudaku

Kudaku da yaɗonsa ake dasa shi, kuma babbar matsalar ita ce riƙe yaɗon har ya ƙetare rani, domin fari da awaki kan gama da shi. Wasu kan raine shi a bakin rijiya ko a fadama. Akwai kuma wata dabara da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke birnin Lima ta yaɗa a ƙasashen Afirka masu dogon rani: a zaɓi ƙananan 'ya'ya masu lafiya lokacin haƙa, a jera su cikin busasshen yashi a daro, a ajiye a wuri mai sanyi. Saura mako 6 zuwa 8 ruwa ya sauka sai a fito da su a binne a garka ana ba su ruwa, su fitar da yaɗo.

Ana yanko kan yaɗon, tsawon santimita 25 zuwa 30, domin gindinsa ne ƙwarin dankali suka fi saka ƙwai.

3.5 Gyaran Wuri da Dashe

Ana zaɓar wurin da rana ke samu, wanda ruwa ba ya kwanciya. Ga dankalin Turawa, a kauce wa inda aka cire tumatir ko tattasai, domin cutarsu ɗaya. Ana zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi a cakuɗa da ƙasa. Ɗanyen taki kan janyo gara, yawan takin zamani mai sa ganye kuwa kan sa kudaku ya tafi a yaɗo.

Dankalin Turawa ana binne shi zurfin kimanin santimita 10, tsiro na duban sama, da tazarar santimita 30 tsakanin rami da rami, da 75 tsakanin kunya da kunya. Idan shuka ta kai kimanin dani ɗaya sai a tura mata ƙasa a gindi. Duk ɗan da rana ta taɓa kan zama kore, kuma koren yana da guba, bai dace a ci ba.

Shi kuwa yaɗon kudaku ana cusa kashi biyu cikin uku a kan kunya, a danne ƙasa, a bar ganye biyu ko uku a waje, da tazarar santimita 30. An fi yin haka da yamma ko bayan an ɗauke ruwa. Daga baya duk inda kunya ta tsage sai a toshe, domin ta nan ƙwaro ke shiga ya huda dankalin ya sa masa ɗaci.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa dankalin nan biyu kowane da yanayinsa da lokacinsa, kuma nasarar mai garka ta rataya ne a kan tanadin da ya yi watanni kafin dashe. Babi na gaba zai duba ban ruwa da ciyawa da haƙa da kuma adanawa.