Sunan Gona a Jikin Kwalba: Me Mai Sayen Giyar Inabi Yake Biya?

A watan Oktoban 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a birnin New York, an sayar da kwalba ɗaya ta giyar inabi a kan dala 558,000. Kwalbar ba ta fi sauran girma ba, abin da ke cikinta bai cika lita guda ba. An matse ta ne a 1945 daga inabin wata gona mai suna Romanée-Conti a yankin Burgundy na ƙasar Faransa, gonar da faɗinta bai kai hekta biyu ba, kuma kwalba wajen 600 kaɗai ta bayar a waccan shekarar. A kantunan Faransa kuwa, da 'yan kuɗin Yuro kaɗan talaka zai ɗauki kwalba mai girma iri ɗaya. Dukansu ruwan inabi ne da aka bari ya tsimu har yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mai da shi barasa. To, me ya raba su har tazarar ta kai haka? Amsar da na gamsu da ita ita ce, mafi yawan kuɗin ba harshe ne yake karɓa ba. Sunan wuri ake saya, sunan da manoma suka zubar da jini da gumi a kansa kafin doka ta tsaya masa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wannan, alhali giya haramun ce. Haramun ce, babu ja a kai, kuma likitanci ma bai wanke ta ba: tun 1988 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar, a farkon 2023 kuma hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin da za a sha a ce lafiya lau ne. Wannan rubutu bai zo ya kwaɗaita wa kowa kurɓa ba. Sai dai a cikin dukan abin da ƙasa ke fitarwa, da wuya a sami wanda aka ƙware wajen kare sunansa da ɗaga darajarsa kamar inabi, kuma dabarar da aka ƙirƙira dominsa yanzu ita ake amfani da ita a kan cuku, da shayi, da barkono, har da albasa. Wanda yake noma ko fatauci yana da haƙƙin ya san inda dabarar ta samo asali.

Bari mu fara daga ɗanɗano, tunda shi ne hujjar da masu harkar suke kafawa. Gwanin ɗanɗana giya ba ya cika kofi. Yana zuba kaɗan a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya karkata shi a kan farin ƙyalle ya duba launi, don jar giya tana komawa ruwan ƙasa idan ta tsufa, fara kuma tana ƙara duhu. Sai ya jujjuya kofin ruwan ya hau gefe, ya cusa hanci ya shaƙa, daga nan ya kurɓi kaɗan, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya wurwura a baki, ya tofar a wani bokiti da aka ajiye don haka. Abin da yake nema shi ne daidaito tsakanin zaƙi, da tsami, da zafin barasa, da wani bauri irin na goro da ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwallonsa, sannan ya lura da tsawon lokacin da ɗanɗanon zai daɗe a baki bayan an tofar. Aiki ne na gaske, ana shekaru ana koyonsa, kuma gwani yana iya gane giyar da ta lalace ko wadda aka yi wa aikin ganganci cikin shaƙa ɗaya.

Matsalar tana tasowa ne idan aka rufe sunan. Ranar 24 ga Mayun 1976, wani Bature ɗan Ingila mai kantin giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara, dukansu Faransawa masu faɗa a ji a harkar, ya jera musu giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalaben ba. A lokacin, ko a mafarki ba a haɗa giyar Amurka da ta Bordeaux ko Burgundy. Da aka tattara maki, sai ga giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a ɓangaren fara da na ja: Chateau Montelena da Stag's Leap Wine Cellars, dukansu na 1973. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet, ya zuba rini marar wari a farar giya ta koma ja, ya ba ɗalibai 54 masu karatun harkar giya, suka yi ta siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya. A 2008 kuma masu bincike a Kalifoniya suka ba mutane giya iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ba faɗa kawai suka yi cewa mai tsadar ta fi daɗi ba, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi ma ya fi motsawa. Ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci.

Daga nan wasu sukan yi saurin cewa ashe duk yaudara ce, masu kuɗi ake wankewa. Ban yarda ba, kuma tarihin yadda sunan ya samu ne ya hana ni yarda. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya far wa saiwar kurangar inabi a Faransa, ya cinye gonaki yanki bayan yanki, har sai da aka gano cewa mafita ita ce a yi wa kurangar Turai aure da saiwar ta Amurka mai jure masa. Kafin gonaki su farfaɗo, ƙarancin giya ya buɗe wa 'yan algus ƙofa: ana jiƙa busasshen inabi, a zuba sukari da ruwa da rini, a liƙa sunan sanannen gari a kai. Da gonakin suka dawo da ƙarfinsu sai kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi warwas, manomi na gaskiya ya rasa na sawa a bakin salati. A 1907 manoman kudancin Faransa suka fito, dubban ɗaruruwa suka cika birnin Montpellier, sojoji suka buɗe wuta a Narbonne aka rasa rayuka. A 1911 manoman yankin Shamfen suka fasa rumbunan 'yan kasuwar da suke zargi da shigo da inabin wasu wurare suna sayarwa da sunan yankinsu, suka cinna wa gidaje wuta a garin Aÿ. Sai a 1935 gwamnati ta kafa dokar kare sunan asalin wuri, da hukumar da za ta kula da ita. Dokar ta shata iyakar kowane yanki, ta fayyace irin inabin da za a shuka, da iyakar abin da hekta guda za ta bayar, da yadda za a sarrafa. A Shamfen har gobe da hannu ake tsinkar inabi, ba a yarda inji ya shiga ba, kuma duk wanda ya yi irin giyar a wajen iyakar, ko da ta fi daɗi, ba shi da ikon kiranta da wannan suna a Turai.

Saboda haka takardar da ke jikin kwalba alkawari ce da za a iya binciken gaskiyarsa: ga gonar, ga shekarar girbi, ga wanda ya zuba a kwalba. Ba ta ce wa mai saye zai ji daɗi ba, ta dai ce masa ba a yi masa ƙarya game da asali ba. Labarin Rudy Kurniawan ya nuna wannan sarai. A lokacin matashi ne ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, wanda ya shafe shekaru yana gauraya giya a gidansa, yana liƙa tsofaffin tambura na jabu, yana sayar wa attajirai na miliyoyin daloli. Manyan masu tutiya da harshensu sun sha sun yaba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona masa asiri shi ne lissafin shekaru: a 2008 ya kai gwanjo wasu kwalabe na wani nau'in giyar gidan Ponsot da aka rubuta musu shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan nau'in ba sai 1982. Mai gidan a lokacin, Laurent Ponsot, ya taso takanas daga Faransa zuwa New York ya sa aka janye su. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara 10 a 2014.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba, wato tsarin yana kare wanda ya riga ya samu. A 1855, saboda baje kolin duniya na Paris, aka sa dillalan Bordeaux su jera manyan gidajen giya hawa biyar, su kuma suka bi farashin da ake saye a lokacin. Fiye da shekara 160 ke nan, babban sauyin da jerin ya gani shi ne ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa hawan farko a 1973. Gidan da ya yi sakaci yana ci gaba da cin sunan kakanninsa, maƙwabcinsa mai ƙwazo kuma yana sayarwa da araha. Wannan zalunci ne a idona. Amma aibin yana ga jeri da aka daskarar, bai shafi ainihin kare sunan yanki ba, don sunan yanki mallakar duk wanda ke noma a cikin iyakar ne, babba da ƙarami, kuma ba a iya ɗauke shi a kai wata ƙasa kamar yadda ake ƙaura da masana'anta.

Mun san ciwon rashin wannan kariya. Ƙarnuka da dama fatar jar akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato tana ƙetara Sahara a bayan raƙuma, ta fita ta tashoshin Arewacin Afirka, Turawa suna rufe littattafansu masu daraja da ita suna kiranta fatar Maroko. Majema suka yi aikin, suna ya tafi ga wasu. Yau dabarar da Faransa ta ƙirƙira don inabi ta iso yankinmu. Ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki amma ban da Najeriya, ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajistar asalin wuri a 2013, daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu tasu. Karɓar takardar shi ne sashe mai sauƙi. Abin da ya ɗauki manoman Faransa shekaru shi ne yarda su ɗaure kansu: a ƙayyade iri, a rubuta abin da kowace gona ta fitar, a bar mai bincike ya shiga rumbu, a hukunta ɗan gida idan ya yi algus kafin a nemi hukunta baƙo. Ga albasar Galmi, wannan yana nufin tsare tsarkin irin, da sanin buhu nawa yankin ya fitar a kowace kaka, yadda idan buhunan da ke ɗauke da sunan a kasuwannin Abidjan da Akara suka fi haka yawa, za a san cewa wani ya cusa abin da ba na Galmi ba.