Shaihu Umar: Littafin Tafawa Ɓalewa da shari'ar da aka yanke da jita-jita

Duk ɗan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Banyo da Gembu ya san fuskar da ke jikin takardar Naira biyar, wato Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda sojoji suka kashe a watan Janairun 1966. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, tun yana malamin makaranta a Bauci, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya rubuta littafin Shaihu Umar. Ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara.

A 1976 ne Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa a ƙasar Adamawa, ya mayar da labarin fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, har sai da aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin, ƙasar Jamus, a 2018.

Labarin dai na wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe ya gaya masu. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. An sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu farautar bayi, daga Kano wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwar ta bazama nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan da ganinsa.

Masu kallo kan zubar da hawaye a wurin uwar, kuma ba laifi. Amma mu inda hankalinmu ya fi tsayawa shi ne farkon labarin, a fadar Kagara. Makau mutum ne da sarki ke so, wannan ya sa sauran fadawa suka ƙulla masa sharri, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a wurin hari. Sarki ya karɓi maganar masu yawa, aka kori Makau daga gari. Daga wannan hukunci guda ne gida ya watse, aka bar yaro a hannun wasu har aka sace shi, uwa ta ƙare rayuwarta a bauta. Sarkin bai yi nufin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma labarin bai nuna ya taɓa sanin inda hukuncinsa ya kai ba.

To, jama'a, wa ke cikinmu da bai san irin wannan zama ba? A kasuwar shanu ko ta goro, kuɗi kan yi tafiya a kan baki kawai, ba takarda ba sa hannu. Mutum zai ba ka kayan Sefa miliyan guda ka wuce da su Nijeriya don ya ji an ce kana da amana. Ran da aka kai ƙarar dillali gaban sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya, mutum biyar suka ce ya ci kuɗi, in shugaban ya yanke ba tare da ya nemi mai kayan da wanda ya saya ya ji ta bakinsu ba, kafin kasuwa ta sake ci labarin ya riga ya isa Tibati da Gembu. Mutumin ya rasa mai ba shi bashi, kuma akwai bakuna a gidansa. Su biyar ɗin nan kuwa, sau da yawa sana'arsu ɗaya da shi.

Akwai kuma wani wuri da littafin ke taɓa mu nan Banyo. A ƙarni na 19 masarautun wannan yanki, Banyo da Tibati da Ngaundare, suna cikin masu kai hari suna tura bayi Yola, kuma fataken Hausawa da suka zo neman goro da hauren giwa ba duka ne hannunsu ya tsira daga wannan ciniki ba. Tafawa Ɓalewa bai fito ya la'anci bauta ƙarara ba, har ma ya nuna Abdulkarim a matsayin mutumin kirki, alhali sayen mutane yake yi. A ganinmu nan ne littafin ya yi sanyi. Sai dai ya bar mu da uwar nan, ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu, kuma wannan ba ya fita ran mai karatu da wuri.

Littafin ɗan ƙarami ne, dare biyu ya isa a gama shi, Hausarsa kuma ba ta da nauyi, ko wanda bokonsa na Faransanci ne zai iya bi. Mai zuwa sari Kano ko Zariya ya tambaya a shagunan littattafai, ya riƙo wa sarkin kasuwarsu kwafi guda.