Kulle Bayanan Kaset a Tsofaffin Na'urori: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Har gobe bankuna da manyan ma'aikatu ba su rabu da kaset wajen ajiye kwafin ko-ta-kwana na bayanansu ba, saboda yana da araha kuma yana jure zaman ɗakin ajiya. Aibinsa shi ne ana ɗaukarsa a hannu. A 2005 wasu kaset-kaset na Citigroup sun ɓace a hanya a Amurka, ɗauke da bayanan mutum miliyan 3.9. Wanda ya tsinci kaset ɗin da ba a kulle bayanansa da mabuɗin sirri ba, na'urar karantawa kawai zai nema.

Shin na'urarka za ta iya kullewa?

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne LTO, wanda ya fito a 2000. Sai a ƙarni na huɗu, wato LTO-4 na 2007 mai cin gigabait 800, aka sanya fasahar kulle bayanai a cikin na'urar kanta, da tsarin AES mai mabuɗin bit 256. Don haka mai LTO-3 ko abin da ya gabace shi kada ya wahalar da kansa, babu wani saiti da zai taɓa. Ko a LTO-4 ɗin ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: na IBM masu tsohuwar mahaɗar SCSI ba sa kullewa, sai masu SAS ko Fibre Channel.

Shi ma kaset ɗin yana da tasa. Na'urar LTO-4 tana rubutu a kaset na LTO-3, amma ba za ta kulle shi ba. Nan ne mai tsimin kuɗi kan yi tuntuɓe, ya ci gaba da juya tsofaffin kaset-kaset yana zaton asiri a rufe yake.

Wa ke miƙa mabuɗin?

Na'urar ba ta riƙe mabuɗi dindindin. Aika mata shi ake yi, kuma da wuta ta ɗauke ta manta. Wani lokaci manhajar da ke yin kwafin ce ke aikawa. A Linux akwai ƙaramar manhaja, stenc, da ke wannan aikin. A manyan akwatunan da hannun inji ke sauya kaset kuwa, akwatin ne ke karɓo mabuɗi daga wata kwamfuta ta daban, sau da yawa ta ƙa'idar KMIP da aka fitar a 2010. Tsohon akwati yana iya neman lasisi ko sabunta manhajar cikinsa kafin ya yarda, kuma idan kamfanin ya daina kula da samfurin, samun su sai an sha fama.

Inda wuta ke yawan ɗaukewa, wannan mantuwa abin tsoro ce. Na'ura ta tashi babu mabuɗi, aikin dare ya fara, bayanai su zuba a fili ba tare da wani gargaɗi ba. Dole a tsara cewa kowane aiki ya duba kullen kafin ya rubuta komai.

Idan na'urar ta gaza

Sai a kulle da manhaja kafin bayanan su isa kaset. Yana aiki, amma yana cin ƙarfin kwamfuta. Sannan bayanan da aka riga aka kulle ba sa matsuwa, kaset zai cika da wuri. Na'ura mai kullewa da kanta matsewa take fara yi, sannan ta kulle. A manhaja ma haka ya kamata a jera su.

Ajiyar mabuɗin

A ganina nan ne ainihin aikin yake, kunna kullen kam na 'yan mintuna ne. Mabuɗi in ya ɓata, bayanan sun tafi ke nan. Ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba shi da wata ƙofar baya. Kuskuren da ya fi ban takaici shi ne barin mabuɗin a kan kwamfutar da ake yi wa kwafin, ko cikin kaset ɗin da shi kansa ya kulle. Ranar da gobara ta ci ɗakin, ga kaset ɗin da aka ajiye a wani wuri lafiya lau, ga shi ba ya buɗuwa. A ajiye kwafin mabuɗin a wani gini daban, a hannun amintattu fiye da ɗaya, ko da a takarda ne cikin sef.

Kaset-kaset ɗin da aka rubuta kafin a kunna kullen suna nan a buɗe, sai an sake kwafe su ko an lalata su. Kuma kafin a amince da sabon tsarin, a ɗauki kaset ɗaya a gwada dawo da bayanansa a wata na'ura dabam, da mabuɗin da aka ɗauko daga ma'ajiya.