Kalmar "Zartarwa" da Matsayinta a Hukuncin Kisa: Misali Daga Doha

A tsarin shari'a, matakai uku ne ke tsakanin mai laifi da hauni: alƙali ya yanke hukunci, shugaba ya amince ta hanyar rattaba hannu, sannan jami'ai su aiwatar. Kalmar "zartarwa" ta dace da mataki na biyu zuwa na uku. Tushenta ɗaya da "zarce", wato wucewa gaba, don haka wanda ya zartar da abu ya ba shi izinin wucewa daga magana zuwa aiki. Daga nan aka sami "majalisar zartarwa".

Sai dai a kafafen yaɗa labarai akan ji an ce "kotu ta zartar masa da hukuncin kisa", alhali ana nufin yankewa kawai. Wannan sakaci ne mai nauyi, domin mai sauraro na iya ɗauka an riga an kashe mutumin.

Abin da ya faru a Doha ya fito da bambancin fili. A dokar Qatar, ba a aiwatar da hukuncin kisa sai Sarki ya tabbatar da shi. A watan Oktoba 2023, wata kotu ta yanke wa tsofaffin sojojin ruwan Indiya takwas hukuncin kisa. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta shi zuwa ɗauri, kuma a Fabrairu 2024 aka sake su. An yanke, amma ba a zartar ba. Wanda aka zartar wa shi ne wani ɗan Nepal da aka harbe a 2020 bisa laifin kisan kai.

A Najeriya, alƙalamin yana hannun gwamnan jiha, wanda sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya kuma ba shi ikon yin afuwa. Ko a zamanin Turawa, hukuncin kisan da kotun sarki ta yanke sai Gwamna ya tabbatar. An rataye Sani Yakubu Rodi a Kaduna a Janairu 2002 bayan hukuncin kotun Musulunci ta Katsina, an kuma rataye mutum huɗu a Edo a Yuni 2013. Gwamnoni da dama kuwa sukan ƙaurace wa sa hannu, shi ya sa fursunoni fiye da 3,000 ke zaune a gidajen yari, an yanke musu hukunci ba a zartar ba.